Likita da Ingilishi, maras lafiya da Gujarati: da wane suna za a kira ciwon?

Yau za mu yi nisan zango, za mu leƙa ƙasar Indiya, cikin wata jiha da ake kira Gujarat, domin mu ga wani aiki da likitoci da masana harshe suka daɗe suna fama da shi, wato neman sunayen cututtukan hankali cikin harshen mutanen wurin. Wani zai ce, to me ya haɗa mai tebur a babbar kasuwar Maraɗi, ko mai rumfa a kasuwar Dole ta Damagaram, da wannan zance? Ku dai biyo mu sannu a hankali. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti ya tsaya tsakaninsa da likita yana juya magana, zai ga cewa labarin bai yi masa nisa ba.

A tsakiyar tsohon birnin Ahmadabad, birni mafi girma a Gujarat, akwai wata kasuwa mai suna Manek Chowk. Da safe ta masu kayan miya ce, da rana ta masu zinariya, da dare kuma ta masu abinci. A ce ga wata mata mai sai da kayan miya a wurin. Wata uku ke nan ba ta samun barcin kirki, tun kafin asuba idonta biyu tana lissafin bashi. Abinci ya fita ranta, gabanta na faɗuwa ba dalili, jikinta ya mutu, har lissafin canjin da take yi ido rufe ya fara kuɓuce mata. Ta je asibiti. Likitan ɗan garinsu ne, harshensu ɗaya, amma karatun likitanci da Ingilishi ya yi shi, kamar akasarin likitocin Indiya. Ya saurare ta, ya gane ciwon, ya rubuta sunansa da Ingilishi bisa takarda. Sai ta dube shi ta ce: «To likita, me ke damuna?»

A nan gizo ke saƙar. Kalmar da zai faɗa mata ita ce za ta sa ta sha magani ko ta jefar da shi, ta dawo ko ta ƙaurace wa asibitin, ta gaya wa mijinta ko ta ɓoye. Kuma idan kalmar ta shiga kunnen kasuwa ta hanyar da ba ta dace ba, wanda ke ba ta kaya bashi zai iya janyewa, masu neman auren ɗiyarta su ma su ja da baya.

Su wane ne masu harshen Gujarati?

Gujarat tana yammacin Indiya, a bakin teku, kuma an kafa ta a matsayin jiha ranar 1 ga Mayu 1960. Ƙidayar shekara ta 2011 ta nuna mutane sama da miliyon 55 ne a Indiya suka tashi da harshen Gujarati. Shi ne harshen Mahatma Gandhi, wanda aka haifa a garin Porbandar a 1869. Yana da baƙaƙen rubutunsa na kansa, da jaridu, da littattafai masu yawa. Mutanen jihar sun yi suna wajen fatauci tun kaka da kakanni. Birnin Surat ya shahara da yadi da gyaran lu'ulu'u, jihar ce kan gaba wajen noman gyaɗa a Indiya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na magungunan da ƙasar ke sarrafawa daga masana'antunta suke fitowa. Akasarinsu mabiya addinin Hindu ne, kusan ɗaya cikin goma Musulmi ne, akwai kuma ƴan wasu addinai.

Ke nan ba harshe ne matalauci ba. Amma likitocin hankali sun yi ƙaranci ƙwarai, domin a Indiya gaba ɗaya ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba. Babban binciken da aka yi a jihohi 12 tsakanin 2015 da 2016, har da Gujarat a ciki, ya gano cewa wajen mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da wata larura ta hankali, kuma kashi 70 zuwa 92 cikin ɗari na masu larurar, gwargwadon irin ciwon, ba su samun magani. Inda likita ya yi kaɗan, takardar wayar da kai da ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye da shirin rediyo su ne ke ɗaukar nauyin, kuma dukansu da kalmomi suke aiki.

Ciwon da ba a gani a jini

Idan zazzaɓin sauro ne, a ɗebi jini a duba. Idan karaya ce, a ɗauki hoton ƙashi. Amma yawancin cututtukan hankali ba su da awon jini ko hoto da zai nuna su. Abin da maras lafiya ya faɗa, da yadda ya faɗe shi, da abin da danginsa suka gani, su ne ma'aunin likita. Sabili da haka idan magana ta karkace a hanya, awon gaba ɗaya ya karkace. Kamar mai sayen gero ne da aka auna masa da tiya mai lotsattsen gindi, hatsin na gaske ne amma lissafin ya ɓaci.

Su kuwa sunayen cututtukan, a Turai da Amurka aka raɗa su, galibi daga tsofaffin harsunan Girka da Latin. Manyan kundaye biyu da likitocin duniya ke dubawa, na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda sabon bugunsa ya fara aiki a Janairun 2022, da na ƙungiyar likitocin hankali ta Amurka, dukansu da Ingilishi aka fara tsara su. Daga nan ne kowace al'umma ke ƙoƙarin jawo su zuwa harshenta.

Kalma ɗaya, ƙofofi da yawa

Bari mu koma ga mai kayan miyarmu. Kalmomin Gujarati da za ku gani a nan mun rubuta su da baƙaƙen boko, yadda kunnen Bahaushe zai ji su.

Ciwon da likita ya rubuta mata shi ne wanda ake kira «dipreshan» da Ingilishi. A wurin likita, ba ɓacin ran kwana ɗaya ba ne. Sai mutum ya yi aƙalla mako biyu, kusan kullum, cikin ƙuncin rai ko rashin sha'awar duk abin da a da yake so, tare da wasu alamu kamar lalacewar barci, canjin cin abinci, kasala, kasa tattara hankali, ganin laifin kai, wani lokaci har da tunanin mutuwa. Ciwo ne da ke da magani, na sha da na zama a tattauna.

To wace kalma ce ta Gujarati za ta ɗauki wannan kaya duka? Akwai «udasi», amma wannan baƙin ciki ne irin wanda kowa ke yi in an yi rasuwa ko kasuwa ta ƙi. In likita ya ce mata haka, za ta ce to wa ya rasa baƙin ciki, me zai sa in sha ƙwaya? Akwai ƴar'uwarta «udasinata», wadda ake yawan rikita su, alhali ita ma'anarta halin ko-in-kula. Akwai «nirasha», wato rashin fata, da «hatasha», wadda asalinta ke nufin fatan da aka kashe, ana kuwa faɗin su ga ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ko manomin da damina ta ƙi masa. Akwai «khinnata», kalmar littafi da ba kasafai ake jin ta a bakin mai talla ba. Abin dariya kuma, wanda ya buɗe ƙamus ba tare da lura ba zai iya cin karo da «mandi», domin kalmar ta Ingilishi tana kuma nufin mutuwar kasuwa, kuma «mandi» ita ce kalmar da ƴan kasuwar Gujarat ke faɗi idan ciniki ya tsaya.

Haka zancen yake ga ciwon fargaba. Kalmar da ta fi kusa ita ce «cinta», wato damuwa. Sai dai a wurinsu, kamar a wurinmu, uwar da ba ta damuwa da ƴaƴanta ba uwa ba ce. Ka tambayi tsohuwa ko tana «cinta», za ta ce ƙwarai kuwa, tana alfahari. Tambayar da ke neman gano ciwo ta koma tambayar gano mutumin kirki.

Jiki ne ke fara magana

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu irin wannan larura a Gujarat ba kasafai suke zuwa asibiti su ce ransu ya ɓaci ba. Abin da suke kawowa shi ne ciwon kai, ciwon baya, rashin barci, da «ashakti», wato rashin ƙarfin jiki. Sukan ce suna jin «gabhraman», kalmar da ta haɗa bugun zuciya, da toshewar numfashi, da tsoron da ba a san mafarinsa ba. Mu da muke cewa «gabana na faɗuwa» ba mu bukatar dogon bayani a nan. Suna da kalmar «jiw», wato rai, sukan ce ransu yana ƙuna, kamar yadda muke cewa zuciya na tafasa.

A da wasu likitocin Turai sun ɗauka cewa mutanen Asiya da Afirka ba su iya bayyana abin da ke ransu ba, shi ya sa suke kukan jiki. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A 1989 wata masaniya mai suna Inga-Britt Krause ta yi rubutu game da masu harshen Punjabi, wani harshen Indiya, mazauna garin Bedford na Ingila, waɗanda ke cewa zuciyarsu tana nutsewa. Ta nuna cewa maganar ta haɗa abin da jiki ke ji, da damuwar rai, da tsoron zubewar mutunci, duka a dunƙule. Wato harshen ba gajere ba ne, tambayar likita ce ta yi masa kaɗan.

Akwai kuma wani rarrabewa mai muhimmanci. Gujarati yana da «man», wato zuciya ko rai, mazaunin tunani da so da ƙi, yana kuma da «magaj», wato ƙwaƙwalwa. Ka ce wa mutum «man» ɗinsa ba ya cikin natsuwa, zai gyaɗa kai ya ci gaba da ba ka labari. Ka ce masa «magaj» ɗinsa ya lalace, ka zage shi. Ingilishi yakan rufe waɗannan biyu da kalma ɗaya, don haka mai fassara dole ya zaɓa, kuma zaɓin nasa yana da sakamako.

Buhu uku da ake ɗiba

Mai fassara zuwa Gujarati yana da buhu uku a gabansa. Na farko shi ne Sanskrit, tsohon harshen malaman Hindu, wanda daga cikinsa ake ƙera kalmomin ilimi. Daga nan aka samo «manasik», abin da ya shafi hankali, da «manocikitsak», likitan hankali. Kalmomin suna da kwarjini, sun dace da littafin makaranta da takardar gwamnati, amma da yawansu baƙi ne ga wanda bai yi nisa a lakkol ba. A ƙidayar 2011, wajen mace uku cikin goma a Gujarat ba su iya karatu da rubutu ba.

Buhu na biyu shi ne kalmomin Farisanci da Larabci da suka shiga harshen ta hanyar fatauci da mulki, suka zama na kowa da kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. «Bimari» ciwo ne, «dil» zuciya, «najar» kambun ido, «dua» addu'a, «dawa» kuma magani, ba dawar tuwo ba. Waɗannan kowa yana jin su, sai dai wasunsu suna da ƙaiƙayi. Misali «wahem», wadda ke nufin zato maras tushe. Dangi sukan yi amfani da ita su bayyana mutumin da ya tsaya kai da fata cewa ana sa masa guba a abinci, a nan ta taimaki likita. Amma in likita ya ce wa mai ciwon jiki abin nata «wahem» ne, abin da za ta ji shi ne an ce ƙarya take yi.

Buhu na uku Ingilishi ne da aka lanƙwasa. Yau a Gujarat, daga birni har ƙauye, za ka ji ana cewa «tenshan». Bashi «tenshan» ne, rigimar gida «tenshan» ce, aurar da ɗiya «tenshan» ne. Kalmar ba ta da kunya a cikinta, shi ya sa ma'aikatan lafiya da yawa ke buɗe hira da ita. Illarta ita ce ta yi faɗi da yawa, ta rufe ƙaramar damuwa da babban ciwo da zane ɗaya. Jaridun Gujarati ma sukan rubuta «dipreshan» da baƙaƙensu, su bi ta da bayani.

Ƙamus kuwa ba su rasa ba. Jami'ar Gujarat Vidyapith, wadda Gandhi ya kafa a 1920, ta fitar da ƙamusun daidaita rubutu a 1929. Sarkin Gondal, Bhagvatsinhji, ya ɗauki nauyin wani babban ƙamus mai juzu'i tara da aka buga tsakanin 1944 da 1955. Amma ƙamus yana gaya maka ma'anar kalma ne kawai, ba ya gaya maka yadda fuskar tsohuwa za ta canza in ta ji ta.

Sunan da ke korar mutum

Magana zarar bunu ce. A bakin talaka a Gujarat, mai taɓin hankali «gando» ne ko «pagal», wato mahaukaci, kuma asibitin masu larurar hankali ma da wannan suna jama'a kan kira shi. Jihar tana da irin waɗannan asibitoci na gwamnati guda huɗu, a Ahmadabad, Vadodara, Jamnagar da Bhuj. Matsalar ita ce, da zarar an ce «manasik», kunnen mutane da yawa «gando» yake ji. Mai rashin barci da mai tafiya tsirara a titi sai a zuba su kwando ɗaya. Wa zai yarda a gan shi a ƙofar wannan asibiti?

Dokokin Indiya ma sun bi wannan hanya ta canza suna. Dokar Turawan mulkin mallaka ta 1912 da sunan mahaukata aka yi ta. Ta 1987 ta koma maganar lafiyar hankali. Ta 2017 kuma ta zo da haƙƙoƙin maras lafiya, ciki har da cewa yardarsa ga magani ba ta inganta sai an yi masa bayanin amfani da illa cikin harshe da salon da yake fahimta. Ke nan fassara ta tashi daga alfarma ta zama wajibi.

Wanda ke shakkar ƙarfin suna ya dubi abin da ya faru a Japan. Akwai wani ciwo mai nauyi da ake kira «sikizofireniya», inda mutum kan ji muryoyin da babu su, ko ya gaskata abin da ba shi da tushe. Wani likitan ƙasar Suwis mai suna Eugen Bleuler ne ya raɗa sunan a 1908, daga kalmomin Girka biyu masu nufin tsagewa da hankali. Japanawa sun fassara shi kai tsaye, ya zama «ciwon tsagewar hankali», sunan da ya yi muni har likitoci na jin nauyin faɗa wa maras lafiya abin da ke damunsa. Ƙungiyar iyalan marasa lafiya ta roƙi a canza, kuma a 2002 aka mai da shi suna mai nufin rashin daidaituwar tunani. Tsakanin 2002 da 2004, yawan waɗanda ake gaya wa sunan ciwonsu ya tashi daga kusan kashi 37 zuwa kusan 70 cikin ɗari. Ciwon bai canza ba, maganin bai canza ba, suna kaɗai aka taɓa. A Gujarati kuwa, likitoci da jaridu galibi suna barin sunan yadda yake, su rubuta shi da baƙaƙensu, sannan su yi bayanin alamomin.

Yadda ake gwada fassara

Ku ƴan kasuwar da ke zuwa Jibiya ko Kano kun san canji. In ka mai da sefa naira, ka sake mai da nairar sefa, sai ka ga abin da ya zube a hanya. Haka masana ke gwada fassara. Mutum na farko ya juya tambayoyin likita daga Ingilishi zuwa Gujarati. Mutum na biyu, wanda bai taɓa ganin na asalin ba, ya mai da su Ingilishi. Sai a aza biyun gefe da gefe a ga inda ma'ana ta zube. Wani masani mai suna Richard Brislin ya bayyana wannan hanya a 1970, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara mata matakai: taron masana su duba, sannan a kai wa mutanen da aka yi abin dominsu, a karanta musu, a tambaye su abin da suka fahimta da bakinsu.

Matakin ƙarshen nan shi ne mafi tsada, domin fassara tana iya komawa Ingilishi lafiya lau amma ta zama shirme a kunnen mai talla. Ga misali. Wata takardar tambayoyi da aka tsara a Ingila a 1983, wadda asibitoci da yawa ke aiki da ita, tana tambayar mutum ko yana jin kamar malam-buɗe-littafi na yawo cikin cikinsa. Ga Bature wannan faɗuwar gaba ce. Ka juya ta kalma da kalma, tsohuwa za ta ɗauka ana tambayar ta tsutsar ciki. A nan mai fassara nagari zai ajiye ƙwaron ya ɗauko «gabhraman».

Wata takardar kuma, mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda akwai fassararta ta Gujarati, tana tambayar abin da mutum ya ji cikin mako biyun da suka wuce. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: ko kaɗan, ƴan kwanaki, fiye da rabin kwanakin, kusan kullum. Maki daga 0 zuwa 3 ne, jimilla 27, kuma daga 10 zuwa sama akan ce a duba mutum da kyau. Idan mai fassara bai raba «ƴan kwanaki» da «fiye da rabi» sarai ba, maki zai hau ko ya sauka, a sallami mai ciwo ko a ɗora wa mai lafiya magani. Tambaya ta tara kuwa game da tunanin mutuwa ko cutar da kai ce. In aka sassauta ta don kunya, ana iya rasa rai.

Tsofaffin Lesta

Matsalar ta bi masu Gujarati har ƙetare. A 1972 shugaban Yuganda Idi Amin ya ba ƴan asalin Asiya kwana 90 su bar ƙasar. Akasarinsu ƴan kasuwa ne masu harshen Gujarati. Wajen 28,000 suka nufi Birtaniya, dubbai daga cikinsu suka zauna a birnin Lesta. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum 213,000 a Ingila da Wales ne Gujarati ke zaman babban harshensu.

Da suka tsufa, sai maganar gigin tsufa ta taso. Awon da likitoci suka saba yi, wanda aka tsara a Amurka a 1975, yana sa mutum ya faɗi kwanan wata, ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya jera baƙaƙen wata kalma daga ƙarshe zuwa farko, ya rubuta jimla. A 1997 likita James Lindesay da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwada wannan awo da Gujarati a kan tsofaffin Lesta. Makinsu ya yi ƙasa da na Turawa, amma aka gano cewa yawancin bambancin daga shekaru ne, da ƙarancin karatun boko, da raunin ido. Wato tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya faɗuwa awon alhali hankalinta garau.

A arewacin Indiya, masu binciken da suka juya wannan awo zuwa harshen Hindi a 1995 sun samo dabara. Maimakon jera baƙaƙe, sai a ce mutum ya faɗi ranakun mako daga baya zuwa gaba. Maimakon lissafin allo, sai a ba shi labarin mai kuɗin mota da ke kashe wani abu kowace rana, a ce nawa ya rage. Wace ƴar kasuwa ce wannan zai gagara?

Akwai kuma matsalar tafinta. Sau da yawa ɗa ko jika ne ke fassara wa tsohuwa. Yaya uwa za ta faɗi matsalar aurenta ta bakin ɗanta? Shi kuma, don kare mutuncin gida, yakan gyara maganar, ya daidaita abin da ya fito a hargitse. Alhali hargitsin nan shi ne abin da likita yake nema ya ji.

Magani da addu'a a ƙofa ɗaya

Mutane da yawa a Gujarat ba da harshen asibiti suke fara fassara ciwonsu ba. Sukan ce «walgad» ne, wato shafar iskoki, ko «najar», su tafi wurin «bhuwa», mai cire iskoki. A garin Unava, cikin gundumar Mehsana, akwai hubbaren wani waliyyi, Sayyid Ali Mira Datar, inda Musulmi da ƴan Hindu ke kai masu irin wannan larura tun ɗaruruwan shekaru.

Ranar 6 ga Agusta 2001, gobara ta tashi a wani gidan ajiye masu taɓin hankali kusa da wani hubbare a Erwadi, can kudancin Indiya, mutum 28 suka mutu, suna ɗaure da sarƙa. Wannan ya sa hukumomi suka sa ido kan irin waɗannan wurare. A Unava, maimakon faɗa da masu hidimar hubbaren, sai wata ƙungiya mai suna Altruist tare da gwamnatin jiha suka buɗe wurin ganin likita a harabar a 2008. Sunan da aka ba shirin shi ne «Dawa-Dua», magani da addu'a. An koya wa masu hidimar alamomin ciwon da ke bukatar likita, su ne kuma ke tura mutane. Likita ba ya ce wa kowa ya bar addu'arsa. Ku lura da sunan: ba Sanskrit ba, ba Ingilishi ba, kalmomi biyu ne da ƙaramin yaro ya sani.

A wannan gunduma ta Mehsana kuma an gwada wani shiri mai suna Atmiyata, inda ake horar da ƴan sa-kai daga cikin ƙauyuka su zauna da masu damuwa sau huɗu zuwa shida, suna nuna musu gajerun finafinai a wayar salula game da matsalolin yau da kullum, da harshen ƙauyen. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna waɗanda aka zauna da su sun fi samun sauƙi.

Abin da za mu ƙulla a bakin zane

Darasin da masu Gujarati suka koya shi ne, kalmar da ta fi kyau ba ita ce mafi tsawo ko mafi kwarjini ba. Ita ce wadda maras lafiya ya gane, ba ta kunyata shi ba, kuma ba ta rage nauyin ciwon ba. Sau da yawa ba kalma ɗaya ba ce, jimla ce: ciwo ne da ke hana barci da cin abinci, ya kashe jiki, ya sa ƙuncin rai, kuma yana da magani.

Mu ma nan gida wannan aiki yana gabanmu. Likitocinmu da Faransanci suka yi karatu, kuma kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tsakanin «damuwa» da «hauka» akwai fili mai faɗi da ke jiran sunaye.

Kafin masana su gama nasu, ga namu. In kin raka ƴar'uwa asibiti kina fassara mata, ki faɗi abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, kada ki gyara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In likita ya faɗi sunan da ba ka gane ba, ka ce ya warware maka da Hausa, matambayi ba ya ɓata. In maƙwabciyarki a kasuwa ta yi makonni ba barci, ba ci, ba fara'a, kada ki ce raki ne, kada kuma ki yaɗa cewa ta taɓu. Ki ja ta gefe, ki saurare ta, ki raka ta wurin likita. In kuwa har ta ambaci mutuwa, to ranar nan za a tafi, ba gobe ba.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, shi ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun sake haɗuwa.